Jaririn da Ake Jira Ya Yi Gumi

Duk shekara idan aka turo mana ɗalibai daga makarantar koyon aikin lafiya, ɗakin haihuwa da ɗakin allura suke rububi. Wanda rabonsa ya faɗo a ɓangarena, wato ɓangaren fata, sai ka ga ya tsuke fuska kamar an tura shi kiwon awaki. Cikin 'yan bana akwai wata mai baki, ko jakarta ba ta ajiye ba ta ce mini ai ƙaiƙayi ba ciwo ba ne, a rubuta wa mutum man shafawa a sallame shi, ita aikin ceton rai ta zo koya. Na ce ta jawo benci ta zauna. Abin da na gaya mata shi zan rubuta a nan, domin na gaji da maimaita shi da baki, ga shi kuma lokacin ajiye aikina ya matso.

Na shiga aikin nan ina ƙaramar ma'aikaciya a wani ɗan asibitin ƙauye tsakanin Dawakin Tofa da Watari. Wasu likitocin fata ne suka fito daga Birni suna binciken kirci da borin jini da sauran cututtukan susa a cikin manoma, suna neman wadda ta san gidaje kuma za a bar ta ta shiga wajen mata. Aka haɗa ni da Sista Asabe, 'yar Bacirawa, wadda iyayenta Barebari ne da suka daɗe a Kano. Allah ya jiƙanta, mace ce da ba ta san lallashi ba. Na daɗe a ƙarƙashinta ban taɓa ko auduga ba, aikina kallo. Ba ta duba mutum a cikin ɗaki. Sai ta fito da shi bakin ƙofa inda haske yake, ta buɗe bayan gwiwa da lanƙwasar hannu da tsakanin yatsu da bayan kunne, sannan ta juyo ta tambaye ni me na gani. Idan na ce ƙuraje, sai ta ce ko makaho ya shafa zai faɗi haka. Littattafan da muke da su duk hotunan fatar Turawa ne, ciwo yana fitowa jawur. Ita ta nuna mini cewa a jikinmu ba ja ake nema ba. Ko dai wurin ya ƙara duhu, ko ya yi furu-furu kamar an barbaɗa toka, ko ya yi kauri saboda yawan susa. Bayan kallo sai tambayar da ta fi duka muhimmanci: me kake taɓawa da hannunka tun daga asuba har ka kwanta?

Babban kayan aikinmu filasta ce mai ɗauke da wasu 'yan faya-fayan ƙarfe, kowanne bai kai maɓallin riga ba. A kowanne ana ɗiga ɗan abin da ake zargi: na roba, na siminti, na ƙarfen ɗan kunne, na turare, na baƙin dayis, na maganin feshi. Sai a liƙa a gadon bayan mutum, a zagaye da alƙalami, a ce ya dawo jibi. Inda fata ta tashi, abin da ke wurin shi ne jikinsa ba ya so. A faɗe abu ne mai sauƙi. Sharaɗin kawai shi ne kada ruwa ya taɓa wurin, kada kuma ya yi gumi. To ku da kuke ganin aikin wasa ne, ku je fadamar Watari ku sami mai ban ruwan albasa ku ce masa kada ya yi gumi, in ya so ku dawo ku ba ni labarin amsar da ya ba ku.

Wata mai ƙunshi aka taɓa kawo mana, hannuwanta duk sun tsattsage suna ruwa, ko tuwo ba ta iya tuƙawa. Ta sha jiƙe-jiƙe har ta gaji, an ce mata sammu ne daga abokan sana'a. Da muka ɗaye filastar ko'ina lafiya lau, sai wurin dayis kaɗai ya kumbura ya yi bororo. Na haɗa madubi biyu na nuna mata bayanta. Ta daɗe tana kallo. Daga baya ta koma jan lalle irin na iyayenmu, amare suka rage zuwa, amma hannun ya warke.

Wani mai tumatir kuwa sai da na bi shi har gona, don duk tambayar da na yi masa cewa yake ba ya taɓa komai sai fartanya. Na tarar da bawan Allah ya naɗe hannun riga yana dama maganin feshi a bokiti da hannunsa har gwiwar hannu, kamar mai dama fura. Da na tambaye shi dalili, ya ce sanda ba ta damawa da kyau, kuma haka mahaifinsa ma yake yi.

Shekarar da ba zan manta ba ita ce wadda bazara ta zo da zafin da tsofaffi ma suka ce ba su san irinsa ba. Wutar lantarki ta ɗauke ta ƙi dawowa, firij ya mutu, magungunan gwaji suka narke a cikin kwalabensu. Filastar da muka liƙa da safe kafin azahar ta zame ta koma ƙugu, gumi ya wanke zanen alƙalami. Aikin da muka yi tun daga kaka ya tashi a banza. Babban likitan da ke jagorantar binciken, wanda kowa ke kira Dakta kawai, ya ce tunda gumi ya hana mu aiki, to mu juya mu binciki gumin kansa. Dama akwai masu zuwa da wannan kukan: tela da tafin hannunsa ke jiƙe yadin mutane, da 'yan makaranta da takardar jarrabawa ke yagewa a hannunsu. Gwajin ba shi da wuya. A goge wurin ya bushe, a shafa aidin, a barbaɗa garin sitaci irin na guga, a jira. Duk inda gumi ya tsattsafo, farin garin sai ya koma baƙi kamar tawada.

A cikin wannan zafin ne Malam Haladu ya zo. Siririn mutum ne, gashin kansa 'yan tsiraru, babu gira, haƙoransa kuma 'yan kaɗan ne masu tsini. Rigarsa jiƙe take sharkaf, yana riƙe da jarkar ruwa. Mutanen garinsu Agwagwa suke ce masa, saboda ba ya noman tudu, aikinsa gyaran hanyar ruwa a Watari, yini yake a tsaye cikin ruwa. Kirci ne ya kawo shi, wanda ya ce tun yana goye yake fama da shi. Ganin rigarsa tana ɗiga, dukanmu muka ɗauka cikin masu yawan gumi yake, muka roƙe shi ya shiga gwajin ya kuma yarda. Na goge bayansa, na shafa aidin, na barbaɗa sitaci, na zaunar da shi a baranda kusa da wani manomi da aka yi wa irin haka.

Kafin in wanke hannuna bayan manomin ya yi baƙi ƙirin. Na Malam Haladu kuwa fari fat, kamar yanzu na barbaɗa. Sista Asabe ta ce aidin ɗin ne ya lalace, ta shafa a nata hannun, nan take ya yi baƙi. Muna cikin wannan sai na ji numfashin Malam Haladu ya sauya, yana haki, yana miƙa hannu wajen jarkarsa. Na taɓa kafaɗarsa na ji ta kamar murfin tukunya a kan wuta, kuma a bushe. Dakta ya ce a bar gwajin yanzu-yanzu, shi da kansa ya ɗauki jarkar ya juye masa a ka. Da Malam Haladu ya dawo hayyacinsa ya dube mu ya ga yadda muka firgita, sai ya yi 'yar dariya.

"Ni ai ban san yadda gumi yake ba, a jikin mutane nake ganinsa," in ji shi. "Wannan ruwan ni nake zuba wa kaina."

Shekara da shekaru ina aikin fata, ban taɓa sanin Allah ya halicci ɗan Adam da ba ya gumi ba. Dakta ya zauna ya yi mana bayani a hankali, ya ce akan haifi mutum babu ƙofofin gumi a fatarsa, kuma abin yakan zo tare da ƙarancin gashi da haƙora da yawan kirci. Gumi shi ne yake sanyaya jiki, wanda ba shi da shi zafi kaɗai yana iya kashe shi. Ya ce ta wajen uwa ake gadonsa, mata su ɗauka ba tare da ya dame su sosai ba, ya bayyana a wasu daga cikin 'ya'yansu maza. Sai ya tambayi Malam Haladu labarin 'yan'uwansa.

Ya ce duk mazan da mahaifiyarsa ta haifa shi kaɗai ya rayu, sauran tun suna jarirai suka koma, matan kuwa suna nan da ransu. Ƙanwarsa Rakiya ma haka, 'ya'yanta mata suna nan, maza biyu ba su kai arba'in ba. A garin cewa ake wabi ne a gidan, wanda maza kaɗai yake ɗauka. Ya ƙara da cewa yanzu ma ta sake haihuwar namiji, ba a daɗe da suna ba, tana jego a gidan mahaifiyarsu.

Dakta ɗan Birni ne, a asibiti matarsa take haihuwa. Ya juyo ya tambaye ni yadda ake jego a ƙauyukan nan. Na fara lissafa masa: wankan tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, kunun kanwa, sai gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi da ake zuba garwashi, mai jego ta kwanta a kai da jaririnta, a rufe ƙofa don kada sanyi ya shige su. Ban kai ƙarshe ba na tuna da jaririn Rakiya. Muka dubi juna. Sista Asabe ta ce mu tafi, ita za ta ji da sauran marasa lafiya.

Da tsakar rana muka isa a motar aiki, Malam Haladu yana nuna hanya ta tsakanin gonaki da shingayen gidaje. Dakta ya tsaya a zaure, ni na yi sallama na shiga. Tsohuwar gidan, Inna Yalwa, ta karɓe ni da fara'a, ta ɗauka barka na zo. Ta ɗaga labulen ɗakin, bayan labulen kuma akwai tabarma da aka rataye. Zafin da ya bugi fuskata sai da na ja da baya. An toshe taga da tsumma, garwashi yana ja a ƙarƙashin gado, ga wani a kasko a gefe. Rakiya tana zaune gumi yana zuba daga haɓarta. Jaririn kuwa da ƙyar na gano fuskarsa: hula, safa, rigar sanyi, shawul, sannan bargo a sama.

Inna Yalwa ta ce tun jiya jikinsa ya yi zafi, shi ya sa ta lulluɓe shi da kyau. Gumi take jira, da zarar ya karyo zazzaɓin zai sauka, haka ake yi wa kowa. Tana magana tana kai bayan hannunta goshinsa tana dubawa. Ta ce na baya sakaci aka yi sanyi ya kama su, wannan karon ba za ta yarda ba, har itacen maƙwabta ta aro ta ƙara wutar.

Na sa ma'aunin zafi a hammatarsa. Abin da ya nuna ban taɓa ganinsa a jikin jariri mai rai ba. Fatarsa a bushe take tana saɓa, kansa babu gashi sai ɗan ƙura-ƙura, ba ya kuka, Rakiya ta ce tun safe ya ƙi kama nono. Na durƙusa na ce wa tsohuwar ta yi wa Allah ta bari in fitar da shi waje in cire masa kayan nan. Fuskarta ta sauya. Ta ce a gabanta aka haifi uwata, ba ni zan koya mata jego ba, kuma babu mai fitar mata da jika cikin iska da zazzaɓi a jikinsa. Ta zauna a bakin gado ta ɗora hannu a kan bargon.

A nan ne makaranta ba ta da abin da za ta koya muku. Ba a fizge jariri daga hannun kakarsa a cikin gidanta, kuma babu lokacin dogon bayani. Ba don komai ba sai don ta riga mu sanin abin, ba ta dai haɗa shi da wannan ba, na yi mata tambaya ɗaya.

"Inna, ke kika haifi Malam Haladu, ke kika goya shi. Kin taɓa ganin guminsa?"

Ta juya ta dubi goshin jaririn.

Na ce, "Wannan ma irinsa ne. Gumin da kike jira ba zai zo ba."

Ba ta ɗauke hannunta ba. Rakiya ce, wadda tun shigowata ba ta ɗaga ido ta dubi uwarta ba, ta sunkuya ta zare yaron daga ƙarƙashin bargon, ta bi ta gefen tsohuwar ta fita da shi tsakar gida. Na bi ta. A ƙarƙashin rumfar kara muka tuɓe shi tsirara. Malam Haladu ya shigo da Dakta. Na so in ɗebo ruwan randa, Dakta ya ce a sirka shi, kada a sa mai sanyi sosai. Muna shafa masa da tsumma a wuya da hammata da matsematsi, kawunsa yana fifita da maficin kaba, don duk cikinmu babu wanda ya fi shi sanin inda zafin yake taruwa. An jima yaron ya motsa ƙafa. An ƙara jimawa ya yi wani ɗan kuka siriri kamar na mage. Da Rakiya ta kai shi ƙirji ya kama, sai na samu na zauna a kan turmi.

Duk da haka ba mu bar shi a gida ba. Dakta ya ce zafin jiki a jariri ba a yi masa zato, sai an duba jini an tabbatar babu wata cutar. Muka ɗauke su zuwa babban asibiti a Birni, aka kwantar da su, aka tabbatar da abin da muke tsammani. Yaron yana nan da ransa, yana makaranta. An san shi da jiƙaƙƙiyar riga da zama kusa da taga, ana kuma kai shi wajen likitan haƙori. Kircinsa har yau ni nake dubawa. Tun daga ranar kuma duk wanda ya zo mana da ƙaiƙayi sai mun tambaye shi ko yana gumi, da kuma ko ana rasa jarirai maza a danginsa na wajen uwa. Idan kun ji ina yi wa mai susa irin waɗannan tambayoyin, ku daina kallon agogo.

Da aka sallamo su na koma gidan in nuna musu yadda za a riƙe shi: ɗaki a buɗe, riga ɗaya mara nauyi, ruwa a kusa, idan jikinsa ya yi zafi a tuɓe shi a shafa masa ruwa a kawo shi asibiti. Na tarar an cire tsumman taga, an kwashe tokar ƙarƙashin gado an share. Rakiya ta koma kan tabarma. Inna Yalwa ta saurari duk abin da na faɗa ba ta katse ni ba, ta rame kamar ita ta yi jinyar. Da na tashi tafiya ta ce za ta taka mini. A zaure ta riƙe gefen mayafina ta tsayar da ni.

Ta ce Haladu cikin tsakiyar damina ta haife shi, shekarar da ruwa ya rushe musu ɗakin girki ya jiƙe duk itacen da aka tara mata. Itacen dafa ruwan wanka ma da ƙyar ake samu, balle na gado. A kan tabarma suka yi jegon, da zane ɗaya, ƙofa ko kyaure babu. Da ya girma ba gashi ba haƙora, sai ta sa a ranta cewa sanyin nan ne ya lalata shi, kuma tun daga lokacin ba ta iya haɗa ido da shi sosai, tana ganin shi kaɗai ne ɗan da ba ta yi wa gata ba.

Na fara ce mata ba laifinta ba ne, babu wanda ya sani, ko mu ma'aikata ba mu sani ba. Ta ɗaga mini hannu.

"Sauran kuwa, 'yar nan, nawa da na Rakiya," in ji ta, "babu ɗaya da na bari ya ji sanyi."